Rawanin Babanmu a Gonar Shinkafa

Abu ɗaya na yi da hannuna wanda da ana iya warwarewa da na warware: na naɗa wa mutum-mutumi rawanin mahaifina.

Mahaifinmu dagaci ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Da ya rasu, ni ne babba, har na fara koyon tafiya a hankali da amsa gaisuwa da ka. Sai aka zaɓi ƙanena. Ana saura kwanaki naɗi na buɗe adakar marigayi, na kwashe rawani da alkyabba da sandarsa. A lokacin shinkafata ta fitar da kai, tsuntsaye jan-baki sun hana ni sakat. Na kafa itace a tsakiyar gona, na kifa masa tukunya, na naɗa rawanin da kyau, na yafa alkyabba. Na ce tunda sarauta ta ƙi ni, ta zo ta yi mini gadi.

Gaskiya tsuntsayen ba su san girman sarauta ba, a kan rawanin ma suke hutawa. Mutane ne suka ji tsoro. Masu keke sai su sauka a bakin kanal ɗin ban-ruwa su jinjina. Wani makiyayi ya tsuguna ya kawo ƙarar an toshe masa burtali, ya daɗe yana jiran hukunci. Ina cikin bukka ina dariya har da riƙe ciki.

Rannan ƙanena ya zo shi kaɗai. Ya cire takalmi a kan kunya, ya shiga taɓo, ya warware rawanin yana kakkaɓe kashin tsuntsu. Alkyabbar kuwa, rana ta riga ta cinye bayanta.

Na ce, “Ranka ya daɗe, sai ka biya mai gadina ladansa.”

Ya ce, “Yaya, da ka ce kana so, da na bar maka kayan. Ƙanshin Baba nake nema a jiki, yanzu babu.”

Da alkyabbar aro aka naɗa shi. Bai kai ni ƙara ba, bai kuma sake kirana Yaya ba, sai Malam, har Allah ya karɓi ransa.

Ku masu karatu, in rabon gado ko sarauta ya ɓata muku rai, ku yi rigimarku da masu rai. Don Allah kada ku huce a kan kayan mamaci.