Matar da Ta Zaɓi Sunan Rizfa

Malam Celestine, magatakardan wata ikilisiya a Kafanchan, yana rubuta sunayen masu shiga ajin baftisma. Yawancinsu 'yan makaranta ne, amma a ƙarshen layi akwai wata dattijuwa siririya, cikin rigar da ta yi mata yawa. Ƙafafunta duk faso. Hannunta na dama yana ta kaɗawa, kamar mai korar kaji daga shanya. Celestine yana zaton daga ƙauyukan bayan Godogodo ta gudo.

"Mama, wane suna za ki ɗauka?"

"Rizfa."

Alƙalaminsa ya tsaya. Shekara goma sha tara yana riƙe da rajistar nan, bai taɓa rubuta wannan sunan ba.

"Mama, ga Rut, ga Hannatu. Wannan ai matar da ta yi gadin gawar 'ya'yanta ce, tana korar ungulaye."

"Na sani, ɗana. Da fasto ya karanta, na ce ashe Allah ya san irinmu. Kwana uku na zauna a gona kusa da babban yarona bayan 'yan bindiga sun wuce."

Ya rubuta sunan a hankali. Ya gaya mata ajin duk Asabar ne, kuma wanda ya yi fashi uku sai baɗi.

Ta gyara ɗaurin zaninta.

"To, sa ni a na baɗi. Asabar ce maza suke raka ni daji. Ƙaramin yarona ba mu gan shi ba tukuna."