Garkar da na karɓe wa Yaya Mamman

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Mamman. Shekara huɗu kafin nan babur ya kayar da shi tsakanin Achida da Wurno, kansa ya bugi bakin kwalta. Kwana tara bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo ya gane mu duka, har iyakokin gonar kakanmu ya zana mana. Muka yi hamdala muka dawo gida.

Sannu a hankali muka fahimci abin da ya tafi. Tsohon abu yana nan daram a kansa, sabo ne ba ya zama. Sai ya yi sallar azahar sau uku. Sai ya yi wa garkar albasarsa ban ruwa, ya zauna gindin mangwaro, ya tashi ya sake ta da inji. Rani biyu albasa tana ruɓewa. A na uku na karɓe garkar, don iyalinsa da ita suke ci.

Shi kuwa bai san an karɓe ba. Kowace safiya sai ya saɓi fartanya, matarsa Kulu ta aiko a kira ni.

"Mi nay yi maka, Sani?"

"Ba ka yi komi ba, Yaya. Hutawa za ka yi."

Haka kullum, kusan shekara biyu. Wata rana na gaji, na daka masa tsawa gaban 'ya'yansa. Kafin la'asar ya manta. Amma mako guda ya ƙi cin tuwo kwano ɗaya da ni, har ya tambayi Kulu, "Mi ah haɗa ni da Sani? Zuciyata ba ta son ganinai." Maganar ta goge, ciwon ya zauna. Na ba shi haƙuri, ya rasa na mene ne.

Yanzu fadamar ta cika da faifan sola, yara suna sa waya ta tuna musu lokacin ban ruwa. Na san da ya gani dariya zai yi, ya ce manomi da ƙafa yake jin laimar ƙasa. Ni dai abin da ke damuna shi ne, maganin bai ma kai waya ba. Da na riƙa tafiya da shi, ya riƙe tiyo ni ina kashe inji, da garkar ta tsira, shi ma ya tsira da mutuncinsa. Ban yi wannan tunanin ba sai bayan mun rufe shi.

Babban ɗansa ke noman wurin yau. Hannunsa wajen dashe irin na uban ne sak, kuma bai taɓa tayar mini da zancen tsawar nan ba, ko da yake yana tsaye aka yi. Allah Ya jiƙan Yaya Mamman. Gafarar da ban samu ya ba ni da saninsa ba, ita nake roƙo har yau.