Hancin Ɗan Kawuna da Kaset ɗin Ƙwallo

Ana ta yaɗawa a unguwa wai ɗan kawuna, mai ba da hayar kaset ɗin gem, wato wasan bidiyo, aljani ne ya tare a hancinsa na hagu, shi ke raɗa masa duk wanda ya cuce shi. Wata ma ta rantse ta ga ƙafar aljanin ta leƙo. Ƙarya ne, gashi ne. Ni da muka tashi ɗaki ɗaya na san hancin nan tun yana yoyo.

Ga gaskiyar magana. Da ya buɗe shagon, masu haya sun mayar da shi saniyar tatsa. Mutum zai ɗauki kaset mai kyau, ya kwance shi a gida, ya zare ƙwaƙwalwar ciki, ya cusa ta banza, ya dawo da shi har da godiya. A waje hoton 'yan dambe, a sa a na'ura sai agwagwa ta fito tana tsalle. Haka suka cinye shi, saura kaset ɗin ƙwallo guda, wanda shi ke riƙe da shagon da tukunyar gidansa.

Sai ya samo dabara. Ya riƙa shafa man zafi a ƙwaƙwalwar kowane kaset, har da sababbin da ya ƙaro. Ka dawo da kaya, ba ya ko kallonka, zai kai hanci ya ja numfashi har labulen ƙofa ya biyo shi. Ya ji ƙamshi, sai ya ce ka gaida gida. Tun daga nan ake ce masa Shinshina.

Rannan mura ta kama shi, irin wadda ko taya aka ƙona a gabansa ba zai ji ba. Labari ya zaga. Tela na kan kwana, babban mutum da gemunsa, wanda kaset ɗin ƙwallon ke hannunsa, ya ga dama ta samu. Ya shigo ya miƙa. Shinshina ya ja hanci, shiru. Ya sake ja, har kunnensa ya toshe. Ya ɗago ke nan zai ce a gaida gida, sai ya ga idanun tela jawur, hawaye na bin gemu.

"Maigida, rasuwa aka yi?"

"Zare ne ya shiga idona."

"Zaren naku har da man zafi? Ka taɓa cikin kaset ka murza ido. Fito da ita."

Tela ya zaro ƙwaƙwalwar daga aljihu, yana kuka yana neman ruwa.

Jiya na ce masa, "Ɗan'uwa, ka je filin jirgi mana, an ce karnukan da ke shinshinar kaya sun tsufa."

Ya fyace hanci ya ce, "Ni nawa hancin yana ciyar da iyali. Kai wannan bakin naka, ban da mura, me ya taɓa kawo mana gida?"