Burtalin da Bai Samu Gurbi a Manhaja Ba

Na kama aiki a Gusau a shekarar 1998, jihar tana sabuwa, ni ma ban daɗe da gama jami'a ba. An ajiye ni a wani ƙaramin ofishi a gefen Tudun Wada, inda aka ba mu kwamfuta guda ɗaya da ake lulluɓewa da zane idan an tashi. Aikina shi ne in shirya darussan ilimin zamantakewa na ƙananan azuzuwan sakandare a cikinta, in kuma tabbatar kowane darasi ya dace da wani batu da ke cikin manhaja. Idan darasi ya kammala, sai a ɗora kwamfutar da janareta a bayan a-kori-kura, a kai ta makaranta a gwada.

Shugabanmu wani Alhaji ne da ya daɗe yana aikin sufeton makarantu. Mutum ne mai kirki, ina so in faɗi wannan tun yanzu. Ranar farko ya ɗora mini manhajar a kan tebur ya ce, "Malam, ga alƙiblarka. Duk abin da za ka sa wa yara, ka nuna mini inda yake a nan."

Faifan da ya zo tare da kwamfutar bai taimake ni ba. Darussansa na wata ƙasa ne, da hotunan majalisarsu da motocin kashe gobararsu. Dole na fara daga tushe. Na yi darasin iyali, na yi na tutar ƙasa, na yi na ƙananan hukumomi. Duka sun dace da manhaja, kuma duka, in ban zalunci kaina ba, littafin aji ne kawai aka mayar cikin gilashi.

Sai na iso kan batun haɗin kai da sasanta rikici a cikin al'umma. Misalin da littafi ya kawo yara biyu ne suna faɗa a kan ƙwallo. Na daɗe ina kallonsa, sai na tuna Karakkai, inda kawuna yake noma kuma inda nakan yi hutu ina yaro. A can, kafin ruwan shuka, sarkin noma da ardon Fulanin da ke zaune a yankin sukan taka burtali tare, wato hanyar da aka bar wa shanu tsakanin gonaki, su duba inda wani ya ci iyaka. Idan kuma shanu sun yi ɓarna, su biyun ne ke shiga gonar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suke yi: ardo ne ke faɗin hasarar manomi, sarkin noma kuma shi ke faɗin uzurin makiyayi. Kowa yana magana da bakin ɗan'uwansa. Ban san ko haka ake yi a wasu garuruwa ba, ba zan iya cewa ba. A can dai haka na gani.

Na nemi izinin Alhaji, ya ce in dai batun yana cikin manhaja, in je. Na ari rakoda da kyamara, kawu ya haɗa ni da dattawan biyu wata safiya a gindin tsamiya, bakin burtalin.

Da ƙyar na sa suka fara, domin tsokanar juna suka tsaya yi.

"Ka matsa kusa da akwatin," in ji sarkin noma, yana nuna wa ardo rakodar. "Muryarka ta saba da kiran shanu, ba ta iya magana da mutane."

"Kai ka fara, kaɗo," in ji ardo. "Kai da ka iya ƙarya game da yawan damman da saniya guda ta ci."

"Baba, don Allah ɗaya bayan ɗaya," na ce, ina duba kaset ɗin ko yana juyawa.

"Wanga yaro tsoro garai," ardo ya ce wa kawu. "Ko akwatin cizo shikai?"

Amma da suka shiga maganar, ban sake katse su ba. Sarkin noma ya bayyana dalilin da ya sa ba a shuka har bakin mashaya. Ardo ya bayyana dalilin da ya sa gero da ya fara fitar da kai ya fi ciwo a rasa fiye da wanda bai yi wata guda ba. Suka ba da labarin wata shekara da suka yi saɓani su kansu, suka yi mako ba sa gaisawa, har mai gari ya ce ba zai saurari kowa ba sai sun koma gonar tare.

Da na kashe rakodar, ardo ya riƙe hannun rigata.

"Yaran da za su ji wanga abu, ɗiyan wa ne?"

Na ce yawancinsu 'ya'yan manoma ne da na mutanen gari.

"To, su nika so su ji. Namu sun sani, kullum suna bisa hanyar. Naku ne ka tashi su ga burtali su ce fili ne ba mai shi. Za su ji?"

Na ce za su ji, in sha Allahu, a duk makarantar da kwamfutar ta shiga. Ni ba mai saurin alkawari ba ne, amma a ranar ban ga abin da zai hana ba.

Darasin ya ci mini makonni. Na sa hotunan, na sa muryoyin dattawan da Hausarsu, na rubuta fassarar Turanci a ƙasa domin da Turanci ake koyarwa. Da muka gwada shi a Bungudu, yara suka cika ajin har taga. Suka yi dariya a inda dattawan ke tsokanar juna, suka yi tsit a inda ardo ke maganar gero. Wata yarinya ta ce ta san tsamiyar. Na koma Gusau ina jin, karon farko, kamar na yi abin da littafi ba zai iya ba.

A Tsafe ne abin ya juya. Malamar da ke koyar da darasin a can mace ce mai tsari, tana tattara tsofaffin tambayoyin jarrabawa tana gwada ɗalibanta da su. Bayan kwamfutar ta kwana biyu a makarantarsu, ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗakin malamai da takardun yara a gabanta.

"Malam, darasinka ya yi daɗi," ta ce. "Amma zo ka ga abin da ya yi mini."

Tambayar ita ce: wa ke da alhakin sasanta rikici tsakanin manomi da makiyayi? Akwai zaɓi huɗu, kuma amsar da masu jarrabawa suke karɓa ita ce kotu. A da, in ji ta, yaran ba sa kuskuren wannan, domin haddacewa suke yi. Yanzu mafi yawansu sun zaɓi shugabannin gargajiya. Wani ma ya ƙara da hannunsa a gefe cewa ardo da sarkin noma.

Na ce ai ba su yi kuskure ba, a wani fannin.

"Ni ma 'yar ƙauye ce, Malam, na san ba su yi ba," ta ce. "Amma mai duba takarda ba fanni yake dubawa ba. In yarinya ta faɗi da maki ɗaya, babanta ya ce ta zauna gida haka nan, kai za ka je ka yi masa bayanin burtali?"

Har yau ban tabbata ina da amsar tambayarta ba.

Na yi ƙoƙarin gyarawa. Na ƙara shafi a ƙarshen darasin mai cewa a hukumance kotu ce ke yanke hukunci, kuma ita za a rubuta a jarrabawa. Da na kunna shi daga farko, sai na ji kamar na bar dattawan sun gama magana sannan na tashi na ƙaryata su a gaban yara. Na cire shafin. Na gwada mayar da darasin ƙarƙashin batun al'adu, amma abin da manhaja ta lissafa a can sutura ne da abinci da bukukuwa. Na tambayi mai kula da darasin noma, ya ce nasu ƙasa ce da taki, wannan tarihi ne. Tarihi kuwa ba a koyar da shi shi kaɗai a ƙananan azuzuwa, sai abin da ya shigo cikin ilimin zamantakewa, kuma abin da ya shigo na dauloli ne da zuwan Turawa.

A lokacin an shiga shirin komawa mulkin farar hula. Aka ce mu gaggauta darasi a kan zaɓe da rassan gwamnati, kuma wannan yana da gurbinsa sarai a manhaja. Kwamfutar tamu ba ta da wuri da yawa, muryoyin dattawan kuma su suka fi komai cin wuri. A zaman da muka yi, na kare darasin iya yadda na iya, wataƙila da yawan "ina ganin" da "mai yiwuwa", domin haka maganata take. Alhaji ya saurare ni har ƙarshe.

"Malam, ba na jayayya da kai cewa abu ne mai kyau," ya ce. "Amma yaran nan za su girma su jefa ƙuri'a, kuma kafin nan za su zauna jarrabawa. Ka ajiye kaset ɗin. In an sake manhaja, sai mu dawo da shi."

Aka goge darasin. Kaset ɗin ya zauna a kabad, kuma da ofishin ya tashi zuwa wani gini daga baya, ban sake ganinsa ba. Ba na zargin kowa. Idan na tuna abubuwan da suka faru a yankinmu a shekarun da suka biyo baya, ba na yaudarar kaina cewa darasi guda zai hana wani abu. Abin da ke damuna ƙarami ne a kan wannan: an taɓa samun muryoyin mutanen nan biyu a wuri ɗaya, kowa yana kare ɗan'uwansa, kuma yanzu babu.

A lokacin da aka goge darasin, na ga ya kamata ardo ya ji daga bakina. Na same shi ranar kasuwar Bungudu, wajen masu sayar da igiya da gishirin dabbobi. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi kawu, ya tambayi akwatin. Na faɗa masa cewa yaran Bungudu da na Tsafe sun ji, amma sauran ba za su ji ba, an cire.

Ya murza igiyar da ke hannunsa.

"Mi munka faɗi da ba daidai ba?"

Na ce babu, Baba, ko kalma ɗaya.

"In akwai, ka kawo akwatin mu gyara. Tsufa na sa mantuwa."

Na fara yi masa bayanin manhaja da jarrabawa da zaɓi huɗu. Ina cikin magana na ji yadda abin yake fita, na rage murya, na tsaya. Ya jira ko zan ci gaba. Da ya ga ba zan ci gaba ba, ya miƙa wa mai igiya kayansa, ya gyara sandarsa a kafaɗa.

"To, kada ka gaya ma sarkin noma," ya ce. "Ya riga ya shaida ma jikokinai za su ji shi makaranta. Bari in san yadda zan faɗa mai da kaina."