Hannun da Baffa Ya Zaɓa

Mu biyu mahaifinmu ya rasu ya bari a Djougou, ni da yayana. Ƙanin mahaifinmu, wanda muke kira Baffa, shi ya tafi da yayana Parakou, ya sama masa aiki a masana'antar gurzar auduga inda shi ma ya daɗe.

A can, idan auduga ta cushe a bakin injin, ba a kashe shi, domin tayar da shi yana cin lokaci, ga motoci jere a waje suna jira. Da hannu ake zaro abin da ya cushe. Tsofaffin ma'aikata suna da ƙa'ida: hannun hagu ake sawa, don in tsautsayi ya auku na dama ya tsira, mutum ya ci abinci, ya gaisa da jama'a. Baffa ya koya wa yayana wannan tun ranar farko.

Yayana bahago ne. Tun yana ƙarami aka tilasta masa cin abinci da dama, har dangi suka manta. Amma da hagu yake rubutu, da shi yake ɗinkin hula, sana'ar da yake burin komawa gida ya riƙe.

Ina Djougou, na gama jami'a ina jiran aiki, aka bugo waya cewa injin ya kama shi. Ba a faɗi wane hannu ba. Motar tasha ta ƙi cika. Sau uku ina sauka ina komawa, ina kiran Baffa ba ya ɗauka. Duk tsawon hanya na kasa jingina bayana.

A ƙofar asibiti Baffa ya tare ni, ya riƙe kafaɗata.

"Mu gode wa Allah, ɗana. Na hagu ne."

Muka shiga ciki. Da Baffa ya fita alwala, na tambayi yayana abin da ya hana shi faɗa masa tun farko cewa shi bahago ne. Sai ya ce:

"A gaban mutanensa zan gyara wa Baffa magana?"

Washegari na je ɗakin yayana a unguwar Titirou ɗauko masa kaya. Na tarar da hula a kan tabarma, allura soke a inda ya tsaya. Har yau ban zauna kusa da injin ba, ko na niƙa ne.

Yatsu uku injin ya cinye masa: babba, manuni, da na tsakiya. Hula ɗaya, rabin ɗinki.