Rasuwar Inna Luba, Uwarmu ta Tsangayar Lauya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsaye a harabar kotu a Sakkwato ina jiran a kira shari'ata, sai ga wayar Zainabu, 'yar Inna Luba. Ina ɗagawa ta ce, "Anti Ma'u, Inna ta cika."

Na ce wace Inna? Alhali na sani.

Ta yi sallar asuba, ta yi laziminta, ta ce a dama mata kunu, ta ɗan kishingiɗa. Kafin kunun ya huce Allah Ya karɓi abinSa. Ba jinya, ba wahala.

Na roƙi kotu ta ɗage zaman, na kamo hanyar Tambuwal. An yi mata sutura bayan azahar. Yanzu haka a tsakar gidanta nake zaune cikin mata masu gaisuwa, kuma na kasa barin yau ta wuce ban gaya muku ko wace ce ita ba.

Da yawanku kun san ni da Barista Asma'u. Kaɗan ne suka san saura ƙiris in koma garinmu Kebbe tun ranar farko, ban ko ga ƙofar aji ba.

Inna Luba ba lakcara ba ce, ba kuma lauya ba. Ma'aikaciya ce a ofishin tsangayar koyon aikin lauya, a wata jami'a mai zaman kanta a Abuja. Ta teburinta fayil ɗin kowane ɗalibi yake bi, daga ranar shigarsa har ranar fitarsa. 'Yar Tambuwal ce, aikin mijinta ya kai ta can.

Ni kuwa tallafin karatu ne ya kai ni. Ba don shi ba, ina 'yar manomi daga Kebbe, ina makarantar 'ya'yan manya? Babana da kansa ya raka ni tantancewa. Mun fito a kan mashin, muka hau bas a Tambuwal, muka wuni a hanya.

Washegari da na kai gaban mai duba takardu, ya jera su a tebur, ya girgiza kai. A sakamakon sakandare an rubuta Asma'u Bello. A takardar ƙaramar hukuma an rubuta Asma'u Muhammadu Bello. Ya ce a wurinsa waɗannan mutum biyu ne, in je gida in gyaro. Ya ƙara da cewa gobe ƙarfe huɗu ake rufewa, wanda bai kammala ba a ba na bayansa gurbin.

Gida! Ko tsuntsuwa ce ni ba zan je Kebbe in dawo kafin gobe ba.

Na fito na sami Baba a baranda. Ya ƙi hawa kujerunsu masu laushi, ya shimfiɗa ɗan dardumarsa a ƙasa, butarsa a gefe. Ina yi masa bayani ina kuka.

Wata mata ta zo wucewa da tulin fayil a hannu. Ta wuce mu, sai ta ja ta tsaya, ta dawo.

"Wanga harshe na gida na. Ku mutanen ina na?"

Baba ya ce Kebbe. Ta ajiye fayilolin a kan kujera, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta tambayi damina, ta tambayi bisashe, kamar a ƙofar gidanmu suka haɗu. Sai da suka gama gaisawa tsaf sannan ta karɓi takarduna.

Ta duba, ta yi murmushi. Ta ce abin da nake yi wa kuka ba ya buƙatar zuwa Kebbe. Rantsuwa ce kawai zan yi a kotu cewa sunayen nan biyu nawa ne, a buga mini hatimi. Ta rubuta mini abin da zan faɗa a bayan wata ambulan, ta kwatanta mana motar da za mu hau, ta ce da sassafe mu kasance can. Ita kuma ta shiga ta gaya wa mai tantancewa ya ajiye fayil ɗina a gefe.

Kafin azahar ɗin washegari na zama ɗalibar lauya.

A ranar ne Baba ya yi mata tambayar da ta daɗe tana cin sa. Shi bai taɓa yarda da lauyoyi ba. Ya ce ya ji an ce a nan ake koya wa yara maida ƙarya gaskiya, shin haka ne?

Ta ce, "Malam, ilimin ga wuƙa na. Mahauci na da ita, ɓarawo na da ita. Kai ka san hannun da ka rena."

Baba ya ce to ga amana nan. Ta ce ta karɓa.

Kuma ta riƙe.

Karatun bai zo mini da sauƙi ba, kada in yi muku ƙarya. 'Yan ajinmu sun tashi da Turanci a baki tun suna goye. Ni kuwa sai na juya magana sau biyu a kaina kafin ta fito. Ranar da aka fara sa mu gwajin shari'a a aji, na tashi zan ambaci mai ƙara da Turanci, wato plaintiff, bakina ya maida p ɗin kalmar f. Aji ya kwashe da dariya. Har ƙarshen zangon wasu da wannan kalmar suke kirana. Daga ranar na koma kujerar baya, na kulle bakina.

A shekara ta biyu na faɗi jarrabawar dokar kwantiragi. Masu ba ni tallafi suka aiko da takarda, in na sake faɗuwa sun janye.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa gaya wa kowa ba. Na je ofishin Inna na tura ƙofa, na ce maki uku kacal suka rage mini, kuma sakamakon ta hannunta yake bi.

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Ma'u, amana nika riƙo, ba ɓarna ba. Ban ji wagga magana ba, ke ma ba ki faɗe ta ba."

Na fita da kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Bayan kwana biyu na dawo na ce a ba ni fom ɗin barin makaranta. Ta ce in dawo Litinin. Litinin ta zo, ta ce tana da aiki, in dawo wata Litinin. Kafin nan dai, ta ce, in riƙa zuwa lokacin cin abincin rana da littafin kwantiragin nan da ya gagare ni.

In na zo sai ta buɗe kularta ta tura mini cokali, ta ce in karanta shari'a guda, in rufe littafin, in faɗa mata da Hausa abin da ya faru. In na fara cusa Turanci sai ta ɗaga hannu. Ta ce abin da ba ka iya faɗa wa tsohuwa da harshenta, kai ma ba ka gane shi ba, haddacewa ka yi.

Wata rana ina ta kame-kame a kan yadda yarjejeniya take ƙulluwa, ta tambaye ni ko na taɓa ganin Baba ya sai da sa. Na ce sau nawa. Ta ce to in an taya bai sallama ba, akwai ciniki? In ya sallama, mai saye ya aza hannu, wani ya zo ya ƙara, Baba zai iya tashin maganar? In dillali ya ɓoye cewa sa ɗin gurgu ne fa?

Na saki baki. Ashe abin da ya kayar da ni, tun ina 'yar ƙarama nake ganinsa a kasuwar shanu. Suna kawai aka sauya masa.

Na sake jarrabawar na ci da kyau. Fom ɗin barin makaranta kuwa, har na gama ban ga kalarsa ba.

Kada ku ɗauka don ni 'yar gida ce. Haka take da kowa. Akwai wani ɗan ajinmu daga kudu da mahaifinsa ya rasu ana gobe jarrabawa. Ita ta bi ofis-ofis da takardarsa har aka ɗage masa. Yau shi ma ya kira ni, yana cewa Mama ta tafi.

Ta san lambar kowane ɗalibi da ka. In ka ɓace daga aji sati guda, sai ka ga saƙonta.

Ranar Juma'a takan zo da tuwon dawa da miyar kuka, mai rabo ya samu.

Ba ta son a gode mata a gaban mutane. In ka fara sai ta ce wayarta na ƙara.

Lokacin da aka rantsar da mu a matsayin lauyoyi ta riga ta yi ritaya ta dawo Tambuwal. Ban gayyace ta ba don na san ciwon ƙafafunta. Ina fitowa daga zauren sai na hange ta tare da Baba a gindin wata bishiya. Ashe sun haɗa baki, bas ɗaya suka hau. Ita ta gyara mini zaman hular lauyan a kan hijabi, ta ja da baya ta kalle ni, ta ce wa Baba ga amanarsa nan ta maido.

Baba da bai yarda da lauya ba, ranar sai da ya sa aka ɗauke shi hoto riƙe da rigata.

'Yan ajinmu kowa ya kama gabansa. Wasu suna banki, wasu kamfanonin mai, wasu sun tafi waje ƙaro karatu, ɗaya ma alƙaliya ce yanzu. Ni ma na sami aiki a wani babban ofishin lauyoyi a Abuja, na yi shekara uku. Aiki mai kyau, ba abin da aka rage ni da shi. Amma duk zuwana gida sai na tarar da mutane a zauren Baba da takardun gona a leda, wannan an ci masa iyaka, waccan an hana ta gadon mijinta, ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Na kira Inna na ce ina tunanin dawowa Sakkwato. Na zaci za ta yi murna. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

"In birnin kika gudu, zamna ki gama da shi. In wurin mutanen kika zuwa, Allah Shi ba da sa'a."

Sai da na yi wata biyu ina auna maganar nan kafin na ajiye aiki. Yau shekarata uku ina zirga-zirga tsakanin kotunan Sakkwato da Tambuwal da Kebbe. Ban tara abin da abokaina suka tara ba, amma alhamdulillahi, ina barci da daɗi.

Ganina da ita na ƙarshe, sati uku ke nan. Na fito daga kotu a nan Tambuwal, an maida wa wata baiwar Allah daga wajen Sanyinna gonar marayunta, raina fes. Na biyo na same ta a kan tabarma tana tsince wake, ƙafa a miƙe saboda gwiwa. Ta sa aka dama mini fura, muka yi ta hira da dariya har la'asar ta kawo jiki.

Ban san abin da ya sa ba, sai na tambaye ta me ya sa take wahala a kanmu haka, alhali ba aikinta ba ne.

Ta aiki Zainabu ɗaki ta ɗauko wata tsohuwar jaka. Ta zaro takarda da ta yi ja don tsufa, ta miƙo mini. Takardar samun gurbin karatun lauya ce, da sunanta a kai, tun kafin a haife ni.

Ta ce a shekarar ce mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma ita kaɗai ce mace a ɗakinsu. Ba wanda ya hana ta tafiya, ita ta zaɓi zama. Shekara shida tana jinya. Da tsohuwar ta rasu sai ta koyi buga tafireta ta shiga aikin ofis.

Duk shekarun nan ban sani ba. Na ce, Inna, ba ki yi nadama ba?

Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Nadamar mi? Uwata bisa cinyata ta cika, tana sa mani albarka. Sannan Allah Ya zamnar da ni bakin ƙofa, na ga ɗiyan mutane sun shiga, na ga sun fito. Ni kam an biya ni, Ma'u."

Ta maida takardar jaka, ta ce in tashi in yi sallah kada in yi yamma a hanya. Ta rako ni har zaure tana dafa bango, ta sa aka saka mini wake a mota, ta ce in gaida Baba.

Ke nan.

Na yi kuka yau, ba zan ɓoye ba. Amma zuciyata a natse take. Na ga yadda gidan nan ya cika, na ga wayoyin da suke shigowa daga ko'ina. Wanda ya rayu haka, ya tafi haka, sai dai a yi masa fatan dacewa.

Ya Allah, ga baiwarKa Lubabatu ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ka haɗa ta da mahaifiyarta a Aljannar Firdausi. Duk wani mai rauni da ɗayanmu ya tsaya wa a gaban alƙali, Ka kai ladan ma'auninta. Ka ba Zainabu da 'yan'uwanta haƙuri, Ka albarkaci bayanta, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko ka san ta ko ba ka san ta ba, ka tsaya minti ɗaya ka karanta mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Ku kuma 'yan'uwana da fayil ɗinku ya bi ta teburinta, ku sa ta a sujadarku ta yau.

Allah Ya jiƙan Inna Luba. Amin.