Kawu Ilu da Gayyar Taswira

Duk kun yi kuskure. In kun ga Kawu Ilu tsaye bisa sirdin motonshi, salula a sama, ba taɓuwa ba ce, rezo yake nema, wato sabis ɗin waya. Akwai wata taswira a intanet wadda kowa a duniya ke iya ƙara mata abin da ya sani. Tun da ya bar koyarwa a lakwal, makarantar boko, ya rantse sai kowace rijiya daga Kalfu har Tebaram ta hau kanta.

"Gayya ce, ɗiyata," in ji shi. "Nan gaba haka za a yi komi."

Kuma da gaske yake! Ranar da wata baƙuwa, ko ƙasarta ba mu sani ba, ta zana mishi hanyar shanu, sai ya sa matarshi, Inna Hadi, ta dama hura.

"Wa za ya sha, Mushe?" in ji ta, don haka ake kiran malaman lakwal.

"Mai aiki mana! An taɓa gayya da yunwa?"

Ya aika wa baƙuwar hoton ƙwaryar, ya shanye a madadinta.

Wani can kuma ya goge rijiyar garin su Kawu daga taswirar, wai ba ta fito a hoton sama ba. Kawu ya maida, aka goge, ya maida. Ƙarshe ya sa makiyaya suka zura shi ciki da igiya, tsoho guda! Daga ƙasa muka ji muryarshi yana kirana: "Ɗauki hoto, Rabi! A gaya mishi ga ni cikin abin da babu!"

Samarin Tawa fa? Ya tara su don su shiga gayyar taswirar, ya dafa shayi. Suka sha, suka ƙarar mishi da kredin waya wajen kallon kokowa, suka watse. Ya ce, "Aƙalla sun ga ƙofar gonar."

Ba su dawo ba. Tun rasuwarshi ba wanda ya ƙara ko kututture a arewacinmu. An sake goge rijiyar, har da garin. Wata sabuwar ma'aikaciyar rigakafi da aka turo daga nesa ta bi taswirar, ta wuce yaran garin ba ta sani ba. Wannan ne gaban da yake faɗa? Ni ban ga gayya ba, tsoho ɗaya na gani cikin rana.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya shayar da kai ruwa mai sanyi.

Na yi rajista a shafin taswirar. Asabar zan hau motar Tebaram, in je in maida rijiyar da garin. Na ce wa Inna ta dama hura, ko da ni kaɗai ce 'yar gayyar.